Wutsiyar Ƙwaron Dutse

"Tsaya!"

Mai Haƙori ta ɗaga allurar daga kan dutsen. Ba ta juyo ba.

"Kin taɓa shi," in ji Baba Safiyo daga kan gado. "Na ji."

"Ban taɓa shi ba, Baba."

"Ƙarar ta canza. Dutse ƙas-ƙas yake yi, wannan kuwa santsi na ji. Hura ki gani."

Ta hura. Farar ƙura ta tashi, sai ga wani ɗan baƙin ƙurji, bai kai kan ashana ba, yana ƙyalli a ƙarƙashin gilashin ƙara girma.

"Akwai," ta ce.

"Yauwa. Ido naki ne, kunne nawa. Daga nan a kwance za ki riƙa tafiya da allurar, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri."

Kwana tara ke nan tana zuwa. Da ta tashi daga asibitin haƙori, inda take haɗa wa mutane haƙoran roba, sai ta ajiye jaka a gidanta, ta wanke hannu, ta ƙetaro layi zuwa wannan ɗaki. Ta zauna a teburin da ke bakin taga har hasken rana ya janye. Shekara tara ta yi a waje tana karatu, ta dawo ta tarar iyayenta sun rasu, 'yan'uwa sun watse. Tsakaninta da mutanen layin gaisuwa ce kawai. Suna cewa ba ta son mutane. Ita kuma ba ta musa ba.

Baba Safiyo ne ya sa aka kira ta. Tsohon ma'aikacin awon hanya ne, shekara talatin da biyar yana bin katafila duk inda za a tsaga tudu. Wasu sun yi ritaya da filaye, shi ya yi da duwatsu. Kantocin ɗakin cike suke da gwangwanayen madara, kowanne da lamba a jiki, auduga a ciki, da guntuwar takarda mai ɗauke da rana da wurin da aka tsinci abin. Halittun teku ne da suka zama dutse tun shekara miliyan ɗari huɗu, masana na ce musu tiralobayit. Matarsa, Goggo, kyankyasai take ce musu.

A cikinsu akwai dangin da ya ɗauke masa hankali, wanda ake ce wa likid. Ranar farko ya sa ta sauko da gwangwanaye uku, ya ce ta shafa. Jikinsu duk ƙuraje ne, manya da ƙanana, kamar bayan kwaɗo. Goshin mai faɗi ne, da doguwar kumbura ɗaya dama ɗaya hagu. Wutsiyar kuwa babba ce, shimfiɗaɗɗiya, da fiffike uku-uku a kowane gefe kamar ganye, kowanne ya ƙare da tsini.

"Ga kai, ga wutsiya, ga haƙarƙari," ya ce. "Amma kowanne na wani ne. Saɓa suke yi kamar maciji, rigar ta tarwatse, ruwa ya kwashe. Kawuna goma sha huɗu gare ni, wutsiya tara. Cikakke ko ɗaya ban taɓa riƙewa ba."

Sai wannan dutsen. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya fasa shi da guduma a gefen wata sabuwar hanya, ya rabu uku. A fuskar kowace ɓaraka akwai siririn baƙin layi mai lanƙwasa, kamar gashin gira. Ya manne guntayen da gam yadda suke, don haka ake yi: a fasa a ga inda ƙwaron yake kwance, a mayar a manne, sannan a tono shi daga sama. Ya rubuta masa takarda, ya ajiye a saman kanta, bai ƙara taɓawa ba.

"Me ya hana ka buɗewa?" ta tambaye shi a ranar.

"Aiki."

"Tsoro dai," in ji Goggo daga bakin ƙofa. "Muddin yana rufe, cikakke ne."

Yanzu ciwon suga ya cinye idon, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Zuciya ta gaji, ƙafafu sun kumbura, matashi uku ake jera masa kafin ya iya numfashi. Likita ya ce a koma da shi gida a kula da shi. Kowa ya gane.

Goggo ta turo ƙofa da ƙafa, kofi biyu na shayi a hannu. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, zanenta kullum a ɗaure sama kamar mai shirin faɗa.

"'Yar nan, huta haka nan. Wuyanki zai ƙage a kan kyankyaso."

"Kada ki ajiye kofi a teburin nan," in ji Baba Safiyo.

"Ji shi. Ba ya gani, amma ya san inda zan ajiye kofi."

"Shekara arba'in da shida kina ajiye shi inda bai kamata ba. Ina buƙatar ido?"

Ta ajiye a kan teburin. Ta zauna a gefen gadon, ta ɗago kansa, ta kai masa nasa kofin baki. Ya kurɓa sau biyu ya kau da kai.

"Ba sukari."

"Sukarin da ke jikinka ya ishi layin nan gaba ɗaya."

Mai Haƙori ta sha nata a tsaye, ta koma kan allura.

Kan ƙwaron ya fito a kwana na goma sha biyu. Ta ɗauki dutsen da hannu biyu, nauyinsa ya kai na bulo, ta ɗora masa a kan cinya. Yatsunsa suka sauka a kan ƙwaron. Ya bi goshin, ya bi kumburar dama, ya bi ta hagu, ya gangara gefe.

"Kumatun suna nan," ya ce a hankali. "Duka biyun." Sai ya ɓata fuska. "Kin karce shi a nan. Wa ya koya miki aiki? Makarantar da kika je ta maƙera ce?"

"Karcen bai kai gashi ba, Baba."

"Gashi ba abu ba ne? Cire min, ya yi nauyi."

Goggo ta kalle ta ta ƙifta ido.

Daga nan aikin ya zama ƙirge. Bayan kai sai gaɓoɓin jiki, a jere kamar haƙarƙari, kowace da nata ƙurajen. Rana mai kyau ta fito da biyu. Da ta shigo, kafin ta gama sallama, zai ce, "Nawa?" Ta ce huɗu. Ta ce bakwai. Ranar da ta ce tara bai iya zama ba, a kishingiɗe ya saurara, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan tsumma jiƙaƙƙe a siminti. Ya daina cewa tsaya. Wani lokaci ta ɗauka barci yake, sai ta ji ya ce, "A kwance, Likita, a kwance." Ta sha gaya masa ita ba likita ba ce. Ya ce duk mai sa farar riga ya hana mutum cin abin da yake so likita ne.

Gaɓa ta goma sha ɗaya ita ce ta ƙarshe. Bayanta wutsiyar ta fara, a manne, daidai inda ya kamata. Mai Haƙori ta matso da gilashin. Ta bi baƙin da allura. Ya yi faɗin farce. Sai ƙarar ta koma ƙas-ƙas.

Ta tona dama. Ta tona hagu. Ta nutsa ƙasa ko wutsiyar ta lanƙwashe. Farin dutse ne kawai. Bakin wutsiyar a karye yake, tsohuwar karaya, wadda ta faru tun kafin laka ta rufe shi.

Ta waiwaya. Barci yake na gaske, baki a buɗe. Ta rufe dutsen da ƙyalle ta fita.

Goggo na kicin tana wanke kwanuka. Kallo ɗaya ta yi mata ta rufe famfo.

"Babu?"

"Babu. Wutsiyar ta fara ta ƙare."

Goggo ta goge hannu a zane, ta daɗe tana gogewa.

"Jiya da kyar ya haɗiye ruwa," ta ce. "Abin nan kaɗai ke riƙe da shi. Kullum da safe sai ya tambaye ni ƙarfe nawa kike tashi aiki, kamar bai sani ba." Ta matso. "'Yar nan, ba ke ce mai sa wa mutane haƙori ba? Nawa na gaban nan, waye ya taɓa ganewa?"

"Goggo, wannan daban ne."

"Ina bambancin? Giɓi ne, ki cike."

"Kin san yadda yake zagin masu yin haka. Ya ce ɓarayi ne."

"Masu sayarwa yake nufi. Ke sayarwa za ki yi? Mutumin da ba ya gani, kwana nawa ya rage masa?" Ta yi gyaran murya. "Ni ban taɓa son kyankyasan nan ba. Sun cinye min kanta, sun cinye min gwangwani, sun cinye min miji rabi. Amma ba zan so ya tafi da hannu wofi ba."

Kafin Mai Haƙori ta sake magana, Goggo ta shige ɗakin a kan yatsun ƙafa, ta fito da gwangwani ɗaya a ƙarƙashin mayafi, ta danƙa mata.

"Ga wutsiya. Na duba, ita ce ta fi kama da girmansa."

Washegari Mai Haƙori ta ce masa za ta tafi da dutsen wurin aiki, akwai ɗan injin da zai fi allura sauri.

"Injin haƙori?" ya ce. "Za ki kashe min ƙwaro karo na biyu."

"Zan bi a hankali."

Ya ja iska da kyar. "Kin ga farkon wutsiyar?"

"Na gani."

"Tafi da shi. Sauri ya zama dole."

Ɗakin aikinta ƙarami ne, a bayan asibitin, taga ɗaya, fitila mai wuya, jerin muƙamuƙan farar ƙasa a kan kanta kowanne da sunan mai shi. Ta kwaɓa abin da ake ɗaukar siffar baki da shi, ta danna wutsiyar gwangwanin a ciki, ta cire. Kowane ƙurji ya fito. Ta zuba robar da take yin dasashi da ita, ta jira ta daskare. Ta rage gaban da injin har ya zauna a bakin karayar ba tare da rata ba, ta sassaƙe farin dutsen ta yi mata wurin kwanciya, ta manne. Fenti ya ci mata yini guda: baƙi, da ɗan ruwan ƙasa a tsakanin ƙurajen, sannan ta shafa ƙurar dutsen a kan mahaɗar. Da ta gama ta duba da gilashi. Ita kanta sai da ta nemi layin.

Aiki ne mai kyau. Ta wanke hannu sau biyu.

Ranar Asabar da hantsi ta kai. An buɗe taga, an canza zanen gado. Ya rame a kwana biyun nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Goggo ta ƙara masa matashi, ta tsaya a gefen kansa da hannu a ƙirji.

Mai Haƙori ta ɗora dutsen a kan matashi a cinyarsa, ta ɗauki hannunsa ta sa a kan goshin ƙwaron. Ya gangara da kansa. Leɓunansa na motsi yana ƙirga gaɓoɓin. Goma sha ɗaya. Yatsan ya haye kan wutsiyar. Ya bi fiffiken dama, ɗaya, biyu, uku. Ya koma hagu. Ɗaya, biyu. A na uku ya tsaya. Ya shafa tsinin, ya sake shafawa.

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin wani yana wanke mota a layi.

"Madalla," in ji Baba Safiyo. "Madalla. Cikakke ne."

Goggo ta sauke ajiyar zuciya. "To Alhamdulillahi. Sai a bar mutane su huta."

"Tsohuwa, yau zan sha shayi. Ki sa sukari."

"Cokali ɗaya."

"Biyu."

"Ɗaya da rabi, kada ka ƙara magana." Ta fita da sauri, tana share ido da bakin mayafi.

Ya jira har ya ji ƙarar buta a kicin.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Gwangwani mai lamba goma sha bakwai."

Ya mayar da yatsa kan tsinin.

"Tsinin hagu na ƙasa guntu ne. Ni na karya shi da hannuna, da ƙusa, shekarar da aka haifi autarmu. Kwana uku ban ci abincin kirki ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Kin kwafo har da ɓarnata."

Ta dubi tsinin. Gaskiya ne, a gutsure yake. Ta gani tun a wurin aiki, ba ta kawo komai a ranta ba. Shekara tara ana koya mata kada ta ƙara kome, kada ta rage kome, abin da baki ya ba ta shi za ta mayar.

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Wa ya sauko da gwangwanin? Ke ba ki san inda yake ba."

Ta waiwaya wajen kicin.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ta zabura ta ɗauka shaƙewa ce. Dariya yake.

"Shekara arba'in da shida ba ta taɓa taɓa su ba sai da tsintsiya. Ashe ta san wacce ce wutsiya." Tari ya kama shi, ta riƙe masa kafaɗa har ya lafa. "Faɗa min gaskiya. Nawa ne nasa?"

"Faɗin farce."

"A manne da jiki?"

"A manne."

"Kai ni wurin."

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan mahaɗar, ta matsa da shi kaɗan zuwa sama. "Daga nan zuwa nan nasa ne. Daga nan nawa ne."

Ya daɗe a kan ɗan wurin. Yatsan na tafiya yana dawowa, tafiyar da ba ta fi ta tururuwa ba.

"Kai da kumatunsa, gaɓa goma sha ɗaya, wutsiya a manne," ya ce. "Wannan ba riga ba ce. Shi ne da kansa ya kwanta a nan. Wani abu ya gutsure shi, ko ruwa ya karya." Ya jingina kai. "Ban taɓa riƙe kamarsa ba. Ɗauko biro."

Ta ɗauko, da tsohuwar takardar dutsen.

"A ƙasan rubutuna ki sa: wutsiya, ban da faɗin farce na farko, roba ce. An kwafo daga lamba goma sha bakwai. Aikin maƙwabciya. Ki sa ranar yau." Ya saurari tafiyar biron. "Jami'a za ta turo a kwashe su in na tafi. Ba na son wani ya zo bayana ya auna ƙarya ya rubuta a littafi. Ki kankare fentin, kowa ya gani da idonsa."

"Yanzu?"

"Kina da hankali? In na tafi na ce. Tsohuwar nan ta yi sata saboda ni, a bar ta ta ci riba."

Goggo ta shigo da shayi. Ya sha rabin kofi, abin da bai yi ba a mako guda. Ya ce sukarin ya yi kaɗan.

Ranar Talata ya rasu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mai Haƙori na wurin aiki, tana gyara haƙoran wani direba, aka kira ta a waya. Ta kashe injin, ta rubuta a takarda cewa a ba mutumin haƙuri, ta fito. Kafin ta iso layin ya cika da takalma a ƙofar gida. Goggo ta ce tana yanke masa farce ne, ta gama hannun dama ta ce ya miƙo na hagu, bai miƙo ba.

'Ya'ya suka zo, suka yi kwanakinsu, suka koma. Ranar da gidan ya yi shiru Mai Haƙori ta ƙetaro da yamma, da ƙaramar wuƙar aikinta a aljihu. An naɗe katifar an jingine ta a bango. Teburin na nan yadda yake. Ta zauna, ta jawo dutsen gaban taga, ta fara daga tsinin da ya gutsure.

Ba ta ji shigowar Goggo ba sai da aka ajiye kofi a gefen hannunta.

Ta tsaya, wuƙar a sama.

"Ci gaba," in ji Goggo. "Shi ya sa ki, ko?"

"Shi ne."

"Tun a ranar?"

"Tun kina kicin."

Goggo ta jawo kujerar roba ta zauna, ta dafa gwiwoyi.

"Na sani. Da ya ce madalla na san ya gane. Mutumin nan in abu ya yi masa daɗi faɗa yake yi. Ranar da aka kawo ni gidansa cewa ya yi na cika gajarta." Ta ja hanci. "Allah ya jiƙanka, mai baƙin hali."

"Amin."

"Ya ji haushina?"

"Dariya ya yi, har ya shaƙe."

Goggo ta gyaɗa kai, ta kalli katifar da ke jingine, ta dawo da ido kan teburin.

"To kankare da kyau. Kada ki bar masa abin magana."

Mai Haƙori ta sunkuya. Fentin na tashi siriri-siriri, yana zuba a kan teburin kamar garin gawayi. A ƙarƙashinsa robar ta fara bayyana da ainihin launinta, ja-ja mai haske, launin dasashin mai lafiya. Goggo ta matso da kujera, ta sa gefen hannu tana tattara baƙin garin wuri ɗaya, a hankali, don kada ya zuba a ƙasa.